Mene ne kamun shak daga gaɓa, kuma ina ruwansa da masu iyo?

Da safiyar 5 ga Yulin 2014, wani mutum yana fatsa a kan doguwar gadar da ta kutsa cikin teku a garin Manhattan Beach, kusa da Los Angeles a jihar Kalifoniya, sai ƙugiyarsa ta kamo wani matashin farin shak, wato kifin nan na teku mai kaifin haƙora, mai tsawon kusan mita biyu. Aka shiga ja-in-ja, kifi na ja, mutum na ja, har wajen minti 40. Ana cikin haka sai ga ayarin masu iyon dogon zango sun biyo ta wurin. Kifin da ya riga ya hasala, ga ƙugiya maƙale a baki, ya kai wa ɗaya daga cikinsu cizo a gefen ƙirji. Allah ya yi mutumin yana da sauran kwana, ya warke. Hukumomin garin kuwa suka dakatar da fatsa a gadar na wani lokaci. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a ranar wani ne ya ja, wani daban aka doka.

Abin da ake nufi da kamun shak daga gaɓa shi ne mutum ya kama babban kifin shak alhali ƙafarsa tana kan tudu: a kan rairayin bakin teku, ko kan dutse, ko kan gada irin waccan. Ba sana'ar neman abin kai wa kasuwa ba ce. Wasa ne na 'yan sha'awa, ya fi ƙarfi a Amurka, musamman jihohin Florida da Texas, sai Ostireliya da Afirka ta Kudu. Yawancin masu yinsa a yau sakin kifin suke yi bayan sun auna shi sun ɗauki hoto, hoton kuma Instagram da YouTube yake nufa.

Kayan aikin ba irin fatsar da muka sani ba ne, ta sanda da zare da tana. Sandar kauri gare ta, jikinta akwai injin naɗi da ke cin zare na ɗaruruwan mita, ƙarshen zaren kuma wayar ƙarfe ce don kada haƙori ya datse ta. Abin da ake sa wa ƙugiyar ma kifi ne guda, wani lokacin ya kai kilo biyar ko fiye, wanda ba mai iya jifa da shi daga tudu. Don haka sai mutum ya shiga ɗan ƙaramin kwalekwale, ya kai shi can bayan inda igiyar ruwa ke fashewa, ya sake shi, ya dawo gaɓa ya zauna jira. A 'yan shekarun nan wasu da jirgi marar matuƙi suke kai shi. Idan kifi ya haɗiya, sai mai fatsar ya ɗaure sandar a ƙugunsa da ɗamara, ya kafa ƙafa a rairayi. Kokawar kan kai awa ɗaya, wani lokacin ta wuce haka nesa. A 1964, wani mai suna Walter Maxwell ya jawo shak ɗin nan mai zanen damisa daga gadar Cherry Grove a jihar South Carolina, nauyinsa kilo 807. Buhun shinkafa goma sha shida ke nan, daga tudu, da zare.

Kalmar da ta fi tayar da jijiyar wuya a wannan harka ita ce wadda Turawa ke cewa camin, wato kiran kifi da jini. Ana niƙa kifi, a haɗa da kayan ciki da jini, a riƙa zubawa a ruwa don ƙamshin ya bi igiya ya jawo shak kusa. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa ganin masunci yana zuba dusa don tara kifi. Bambancin shi ne mai amsa wannan gayyata haƙoransa kamar zarto suke, kuma wurin da ake zuba jinin da daddare nan ne yara za su yi wanka da safe.

Akwai maganar da ake yawan yi cewa shak na jin ƙamshin ɗigon jini guda daga nisan mil da mil. An zuzuta. Hancinsa na da kaifi ƙwarai, amma sai ruwa ya ɗauko ƙamshin ya kai masa. Abin da ya fi jan hankalinsa a kusa shi ne mutsu-mutsun kifin da ya ji rauni, domin yana jin girgizar ruwa ta wani layi da ke gefen jikinsa, sannan akwai ƙananan ramuka a hancinsa da ke gano 'yar wutar lantarkin da jikin kowace dabba ke fitarwa.

Masu wasan suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Cewa suke ba su suka kawo shak bakin gaɓa ba, can suka tarar da shi. Gaskiya ne. Duk lokacin sanyi dubban shak masu baƙin fiffike sukan taru dab da gaɓar Palm Beach a Florida, ana ganinsu daga sama kamar an watsa wake, ko da mai fatsa ko babu. New Smyrna Beach da ke gundumar Volusia, wadda ake wa laƙabi da hedkwatar cizon shak ta duniya, ta samu sunan ne saboda ƙananan kifaye na taruwa a mashigar Ponce, shak na binsu, masu wasan allo a kan igiyar ruwa kuma suna cunkushe a wuri guda cikin ruwa mai duhu. Yawancin cizon can kuskure ne, kifin ya ɗanɗana ya ji ba abincinsa ba ne ya saki.

Alƙaluma ma suna sanyaya zuciya. Kundin da ke ajiye bayanan cizon shak na duniya, wanda aka fara a 1958 kuma yake gidan tarihin halittu na Jami'ar Florida, ya lissafa cizo 69 na ba gaira ba dalili a 2023, mutum 10 suka mutu. Cizo 16 daga cikin 69 ɗin a Florida aka yi. Kundin ya ware wani rukuni daban, cizon tsokana: wanda aka ciza yana ƙoƙarin cire ƙugiya, ko yana ciyar da kifin, ko yana taɓa shi. A nan ne nake ganin wannan rarrabewar ta gaza, domin mai iyon Manhattan Beach bai tsokani kowa ba, amma kifin da ya cije shi tsokanarsa aka yi. A ganina haɗarin gaske ba shak ɗin da ke yawonsa ba ne. Wanda ke ƙarshen zare ne, a gajiye, a firgice, ana jansa ta tsakiyar inda mutane ke wanka.

Florida ba ta hana wasan ba, ta dai ɗaure shi. Daga 1 ga Yulin 2019, duk mai shekara 16 zuwa sama sai ya yi ɗan kwas ta intanet ya karɓi izini, kyauta, ana sabunta shi duk shekara. An haramta zuba jini daga bakin rairayi, ko wane kifi kake nema. Dole ƙugiyar ta zama mai lanƙwasa kamar zobe, wadda ke kama gefen baki maimakon ta shige ciki, kuma ta ƙarfen da ke tsatsa, don idan ta zauna a bakin kifin ta ruɓe ta faɗi. Dole a riƙe abin yanke waya a hannu. Kalifoniya, wadda ta hana kama farin shak tun 1994, ta ƙara a 2023 da hana sa masa abinci ko jini kusa da gaɓa a inda aka san yana nan.

Rabin dokar Florida ma don kare kifin aka yi ta. Nau'o'in da aka haramta kamawa, irin su mai zanen damisa da mai kan guduma, ba a yarda a fito da su daga ruwa ba, ko don hoto. Mai kan guduman ne abin tausayi. Shi ne masu wasan suka fi so saboda ba ya sallamawa, kuma rashin sallamawar ce ajalinsa: masu bincike a Jami'ar Miami sun gano cewa cikin nau'o'in da suka gwada, jikinsa ne ya fi galabaita da kokawar. Sai a sake shi, a ga ya kaɗa wutsiya ya tafi, kowa ya yi tafi, washegari igiyar ruwa ta maido gawarsa kan rairayi.