Idan close ta kawo kuskure a NFS, kada ka sake kiranta

Wata magana ta bazu a tsakanin masu rubuta manhaja, wai idan ka rufe fayil da umarnin close a NFS (tsarin amfani da fayilolin da ke ajiye a wata kwamfutar ta hanyar sadarwa) aka maido maka da kuskure, to bai rufu ba, sai ka yi ta maimaitawa. Wasu kuma sun ce duba amsar close ɓata lokaci ne, tunda write, umarnin rubutu a fayil, ta riga ta ce lafiya lau. Duk ba haka ba ne, amma na farkon ya fi illa.

Ƙa'idar, wato a duba amsar close amma kada a sake kiranta, ta hau kan duk manhajar da ke rubutu a fayil ɗin da ke ajiye a wata kwamfutar.

Sa'ad da write ta amsa, sau da yawa bayanan ba su bar na'urarka ba tukuna, suna jibge a ƙwaƙwalwarta. Sai an zo rufewa NFS ke tura ragowar ta jira amsar sabar, wato kwamfutar da ke ajiye da fayil ɗin. Nan ne asiri ke tonuwa, close ta kawo kuskure: ENOSPC idan faifai ya cika, EDQUOT idan ka wuce kasonka na wurin ajiya, EIO idan rubutun ya ƙi. Wanda bai duba ba zai ga kamar an gama, ya goge asalin fayil ɗin da ya kwafa, a bar shi da guntu.

To me ya hana a sake kira? A Linux ana sakin lambar fayil ɗin, wato lambar da aka ba ka sa'ad da ka buɗe shi, ko an yi kuskure ko ba a yi ba. A ce taka 7 ce. POSIX, kundin ƙa'idojin tsare-tsare irin su Linux, ta ce duk wanda ya buɗe sabon fayil a ba shi lamba mafi ƙanƙanta da ba kowa a kai, don haka wani zaren aikin, wato wani sashen manhajar da ke gudana a lokaci guda, zai iya karɓe 7 nan take. Ka sake rufewa, fayil ɗinsa ka rufe, bai ji ba bai gani ba.

EINTR, kuskuren da ke zuwa idan an katse kiran, ce ta jawo ruɗanin. POSIX ta 2008 ba ta fayyace matsayin lambar bayan wannan kuskure ba. HP-UX, wani tsarin irin Linux, na barinta a buɗe, Linux na rufewa. Sai a bugun 2024 aka shigo da posix_close, sabon umarnin rufewa da ya fayyace matsayin lambar.

A ganina akwai rashin adalci a nan, don an sanar da kai ɓarna bayan an karɓe makullin daga hannunka. Shi ya sa ake kiran fsync, umarnin da ke tilasta tura bayanan zuwa faifai, kafin close, tun lambar na hannu. Idan ɗayansu ta gaza, ka ɗauka fayil ɗin bai cika ba, ka sanar da mai aikin, kada ka taɓa asalin.