Ciwon Yawan Ajiyar Zuciya

Ciwon yawan ajiyar zuciya matsala ce ta numfashi, inda mutum yake jin iska ba ta kai masa ƙasan ƙirji ba, sai ya riƙa jan dogon numfashi ko hamma a kai a kai dan ya cike, wani lokacin ya samu, wani lokacin kuma sai ya maimaita sau uku huɗu bai ji ta sauka ba. Yana kama yara da manya.

Ita ajiyar zuciya a karan kanta lafiya ce. Mai lafiya yana sauke ta kusan duk minti 5 ba tare da ya ma sani ba, aikinta shi ne buɗe ƙananan jakunkunan iska na huhu da suka fara laƙewa. A 2016 masu bincike a jami'o'in UCLA da Stanford a Amurka, ƙarƙashin Jack Feldman da Mark Krasnow, sun gano a jikin ɓeraye ƴan ƙwayoyin jijiya a gindin ƙwaƙwalwa da ke kunna ta.

Inda ake samun matsala shi ne idan ta yi yawa. Kowane dogon numfashi yana fitar da iskar kabon fiye da kima, idan ta ragu a jini sai jiri, sagewar yatsu da leɓe, bugun zuciya da ɗaurewar ƙirji su biyo baya, mutum ya tsorata ya ƙara jan numfashi, to ka ga abin da yake ɗauka magani shi ne ke ciyar da ciwon. Damuwa da fargaba ne suka fi tayar da shi, wani sa'in kuma ya fara bayan mura ko rashin wani makusanci, har ya zama ɗabi'a.

Gane shi yana da ɗan sauƙi idan an lura. Ya fi zuwa ne a zaune, yana ɗaukewa idan an yi barci ko hankali ya tafi kan wani aiki, kuma tafiya ba ta cika ƙara shi ba, saɓanin haki na ciwon zuciya. Awon oksijin da gwajin huhu sukan fito daidai. Akwai kuma takardar tambayoyi 16 ta Nijmegen daga Holan da ake taimakawa da ita. Da yawa ana ɗauka asma ce, a yi ta shaƙar inhela babu sauƙi.

Amma fa ba a yanke hukunci a gida. Sai likita ya duba asma, ƙarancin jini, ciwon zuciya da na maƙoƙo tukunna. Musamman mai jego, dan raunin zuciya bayan haihuwa sananne ne a arewacin Najeriya, bai kamata a ce mata tunani ne kawai ba. Ciwon ƙirji, kumburin ƙafa, suma, tari da jini ko kasa kwanciya rigingine, waɗannan asibiti ne nan take.

Maganinsa yawanci horo ne. Ana koya wa mutum numfashi ta hanci a hankali, ciki na tashi kafaɗa na zaune, hannu ɗaya a ciki ɗaya a ƙirji dan ya ji bambanci. Idan sha'awar jan dogon numfashin ta taso sai ya haɗiye yawu ko ya ɗan dakata bayan fitar da iska, da wuya da farko gaskiya, amma tana wucewa. Tsare-tsaren horon numfashi na asibitin Papworth na Ingila da na wani likita mai suna Buteyko duk a kan wannan suke. Idan damuwa ce tushe sai a haɗa da ganin likitan ƙwaƙwalwa. Shaƙar numfashi a cikin jakar takarda kam likitoci sun daina ba da shawararsa, yana da haɗari idan ashe zuciya ce ko asma. Yaro kuma a daina yi masa faɗa ko sa masa ido duk lokacin da ya ja numfashi, hakan ƙara masa yake.