Zagayen Tsakiya na Duwatsun Ruwenzori

Zagayen Tsakiya hanya ce ta tafiyar ƙafa a cikin duwatsun Ruwenzori da ke yammacin Yuganda, a kan iyakarta da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Tana farawa daga ƙauyen Nyakalengija a gundumar Kasese, ta hau ta kwarin kogin Bujuku, ta kewaye dutsen Baker, sannan ta gangaro ta kwarin kogin Mubuku ta dawo inda ta fara. Yawanci kwana bakwai ake yi a kanta, wasu kuma su ƙara ɗaya. Ba a barin baƙo ya shiga shi kaɗai. Dole ya tafi da jagora da 'yan dako, kuma galibinsu Bakonzo ne, mutanen da gonakinsu ke gindin duwatsun. Tsayin wurin ba wasa ba ne, amma abin da ya fi gajiyar da matafiya shi ne ruwa: na sama, na ƙasa, da wanda ke rataye a iska.

Wurin da kansa

Tsawon jerin duwatsun ya kai kimanin kilomita 120, faɗinsu kuwa kimanin 65. Ba aman wuta ne ya samar da su ba, saɓanin Kilimanjaro da dutsen Kenya. Wani ƙaton yanki ne na tsohon dutse da ya turo sama a gefen tsagewar ƙasa ta Albert, wato dogon kwarin da ya samu inda ƙasa ta tsage a wannan yanki. Manyan duwatsu shida ne a tsakiya: Stanley, Speke, Baker, Emin, Gessi da Luigi di Savoia. Ƙololuwar Margherita da ke kan Stanley ita ce mafi tsayi, mita 5,109, abin da ya sa dutsen ya zama na uku a Afirka. An mayar da ɓangaren Yuganda gandun daji na ƙasa a 1991, mai faɗin murabba'in kilomita 996, sai UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1994. Ɓangaren Kwango yana cikin gandun Virunga.

Damina biyu ake yi a shekara, daga Maris zuwa Mayu, sai kuma daga Satumba zuwa farkon Disamba. Masu shirya tafiya sun fi son Yuni zuwa Agusta da kuma ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu. Sai dai ranin Ruwenzori suna ne kawai. Ruwa na iya sauka kowace rana, kuma ko bai sauka ba, gajimare kan lulluɓe kwaruruka tun kafin azahar. Ruwan da ke gangarowa daga nan yana zuba cikin tafkunan George da Edward da kogin Semliki, daga can ya bi tafkin Albert ya shiga kogin Nilu. Wannan ne ya sa mutane da yawa ke ganin su ne Duwatsun Wata da masanin taswira Batlamus ya ce daga gare su Nilu ke fitowa.

Yadda aka san hanyar

Bakonzo sun daɗe suna farauta a waɗannan kwaruruka suna kwana a ƙarƙashin inuwar duwatsu kafin wani Bature ya zo. Henry Morton Stanley ya hango ƙanƙarar a 1888, bayan wasu matafiya sun wuce kusa ba su ga komai ba saboda gajimare. A 1905 Douglas Freshfield, gogaggen mai hawan dutse daga Ingila, ya zo a lokacin ruwa, yanayi ya mayar da shi. Shekara guda bayan haka, a watan Yuni na 1906, yariman Italiya Luigi Amedeo, wanda aka fi sani da Duke na Abruzzi, ya zo da jagorori daga tsaunukan Alps da mai ɗaukar hoto Vittorio Sella da ɗimbin 'yan dako na yankin. Ya kafa zango a inuwar dutsen Bujongolo, ya hau ƙololuwa mafi tsayi, ya raɗa mata sunan Sarauniya Margherita ta Italiya. Sunayen Turawa ne suka hau kan ƙololuwa da mashigai, amma inuwowin kwana da koguna sun riƙe sunayensu na gida: Nyamileju, Kichuchu, Kabamba, Bujongolo. Mai lura zai gane daga nan wa ya riga wa sanin hanya.

Daga 1997 zuwa 2001 an rufe gandun saboda 'yan tawayen ADF (Allied Democratic Forces), masu yaƙi da gwamnatin Yuganda, da suka fake a ciki, UNESCO ma ta sa shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari daga 1999 zuwa 2004.

Zango bayan zango

Ranar farko ana tashi daga Nyakalengija, a tsayin kimanin mita 1,600, a ratsa gonakin ayaba da kofi a shiga kurmi. Ana bin gefen Mubuku, a haye kogin Mahoma, sannan a kama doguwar hawa zuwa bukkar Nyabitaba, kimanin mita 2,650. A nan zafi da gumi ne, ba sanyi ba. Bishiyoyi sun haɗe kai, birai na tsalle a sama, tsuntsun turako mai jan fiffike kan gifta. Jagora mai ido yakan tsaya ya nuna wani reshe, baƙo ya yi ta dubawa bai ga komai ba, sai can ya lura da hawainiya mai ƙaho uku tana jujjuya ido.

Rana ta biyu ana fara ta da gangara zuwa gadar Kurt Shafer, kusa da mahaɗar Bujuku da Mubuku, abin da ke nufin duk abin da aka sauka sai an sake hawansa. Daga nan a shiga dajin gora, a yi sa'o'i ana taka manyan duwatsu masu santsi da gansakuka ta rufe. Mutane da yawa na cewa wannan ce rana mafi cin ƙarfi kafin a kai bukkar John Matte, wajen mita 3,500.

Sai dausayin Bigo, wanda shi ne tambarin hanyar. Fili ne shimfiɗaɗɗe tsakanin duwatsu, ruwa ya kwanta a cikinsa shekara da shekaru, ciyawa ta tsiro curi-curi kamar an jera kujeru. Tsakanin curi da curi baƙar laka ce mai sanyin ƙanƙara. Mai tafiya yakan tsaya kan curi guda, ya soka sandarsa a gaba ya ji ko akwai ƙasa, sannan ya yi tsalle zuwa na gaba, curin yana rawa a ƙarƙashinsa. In ƙafa ta zame, sai ya nutse har gwiwa, wani lokaci ya zaro ƙafa takalmi ya tsaya a ciki. A gefensa kuwa ɗan dako zai wuce da buhu a baya, igiyarsa rataye a goshi, yana taka curin ba tare da ko duban ƙasa ba. An shimfiɗa katako a kan wasu sassan dausayin, wahalar ta ragu sosai, amma ba ko'ina ya kai ba. Shi ya sa a Ruwenzori takalmin hawan dutse mai tsada yakan kwana a jaka, a sa dogon takalmin roba irin na masu aiki cikin ruwa.

A wannan tsayin kurmi ya canza kama. Daga kimanin mita 3,000 wasu bishiyoyi ne karkatattu, gansakuka ta naɗe su kauri-kauri, wasu zaruruwa fari-fari na reto daga rassansu kamar gemun tsoho. Sama da haka sai tsirran lobeliya da senesiyo, waɗanda danginsu a wasu ƙasashe ƙananan ganyaye ne, amma a nan sukan fi mutum tsayi nesa ba kusa ba. Da dare rema na ihu daga cikin duwatsu, baƙon da bai saba ba ya ɗauka mutum ne. Bayan an wuce tafkin Bujuku ana kwana a bukkar Bujuku, dab da mita 4,000.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Wanda zagaye kawai ya kawo shi sai ya haye mashigin Scott Elliot, mita 4,372, ya sauka tafkunan Kitandara guda biyu. Mai son Margherita kuwa sai ya hau bukkar Elena, sama da mita 4,500, ya tashi tun kafin asuba da igiya da gatarin ƙanƙara da ƙarafa masu tsini a ƙasan takalmi. Yakan faru mutum ya isa ƙololuwar bayan kwana biyar na wahala bai ga komai ba sai farin gajimare.

Daga Kitandara, inda hanyoyin biyu ke sake haɗuwa, komowa ta mashigin Freshfield ne, kusan mita 4,300, a bi ta Bujongolo da magangarar ruwa ta Kabamba zuwa bukkar Guy Yeoman. Rana ta ƙarshe ana sauka gangaren Kichuchu mai santsi, inda in an yi ruwa da dare jagorori kan so a tashi da wuri a bi a hankali, a wuce Nyabitaba a koma ƙauye.

Jagorori da 'yan dako

Hukumar kula da namun daji ta Yuganda ce ke riƙe da gandun, amma tafiya a kan wannan hanya tana hannun Rwenzori Mountaineering Services, ƙungiyar da mutanen yankin suka kafa. Akwai wata hanyar daban ta kudu da ke tashi daga Kilembe, wadda Rwenzori Trekking Services ke gudanarwa. Ana auna kaya tun a ƙauye a raba wa 'yan dako, abinci da gawayi ko gas da kayan kwanciya duk a baya ake hawa da su, domin babu abin hawa da ke shiga. Aikin jagora ya wuce nuna hanya. Shi ke duban kogi ya ce a haye ko a jira, shi ke lura da wanda ciwon tsauni ya fara kamawa, wato ciwon kai da tashin zuciya da sarƙewar numfashi saboda ƙarancin iska, ya yanke hukuncin a sauko da shi. Haɗari na biyu shi ne jiƙewa haɗe da sanyi, domin a sama zafin iska kan sauka ƙasa da sifili da dare, kuma rigar da ta jiƙe a nan ba ta bushewa sai an koma gida.

A al'adar Bakonzo ƙololuwa masu ƙanƙara mazaunin Kitasamba ne, abin bautarsu na gargajiya, wanda a da ba a ambaton sunansa a kan dutsen. Sunan masarautarsu ma, Rwenzururu, wadda gwamnatin Yuganda ta amince da ita a 2009, yana da nasaba da kalmarsu ta ƙanƙara.

Ƙanƙarar kuwa tana ƙarewa. A 1906 an lissafa curin ƙanƙara 43 da suka rufe kimanin murabba'in kilomita 7.5. Zuwa 2005 ƙasa da rabinsu ne suka rage, a kan kimanin murabba'in kilomita 1.5, kuma a duwatsu uku kaɗai: Stanley, Speke da Baker. A 2010 wata babbar tsaga ta buɗe a ƙanƙarar Margherita har aka dakatar da hawa na ɗan lokaci. Inda a da ake takawa kan dusar ƙanƙara, yanzu tsurar dutse ne da sai an ɗaura igiya. A ƙasa kuma ruwan yana zuwa da fushi: a watan Mayu na 2013, da kuma Mayu na 2020, kogin Nyamwamba ya yi ambaliya ya kwashe gadoji da gidaje a Kilembe, a cikin gundumar da waɗannan jagorori da 'yan dako ke zaune da iyalansu.