Dangin Kuɓewa da Rama: Yadda Ake Gane Su da Rarrabe Su

Dangin kuɓewa, wanda masana tsirrai ke kira Malvaceae, babban dangi ne na tsirrai masu fure da ya ƙunshi iri fiye da 4,200, waɗanda aka kasa gida-gida har kusan 244. A cikinsa akwai ciyayi da ba su wuce idon sawu ba, akwai ƙananan itatuwa, akwai kuma manyan bishiyoyi irin su kuka da rimi. Ana samunsa kusan ko'ina a duniya, amma ya fi yawa a ƙasashe masu zafi da waɗanda ke gefensu.

Mutumin Damagaram ba baƙo ba ne ga wannan dangi, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Wanda ya ratsa kasuwar Dole zai tarar da busasshiyar kuɓewa, da garin kuka, da lalo, da yakuwa, da jan zoɓorodo a tire, da igiyar rama, da goro a cikin ganyensa. Duk ƴan dangi ɗaya ne, har da audugar da aka saƙa rigar mai sayarwa da ita.

Asalin sunan da faɗaɗa dangin

Sunan ya fito daga Malva, wata ciyawa da aka sani a Turai da Arewacin Afirka. A 1753 masanin ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya kafa tsarin ba kowane tsiro suna biyu, na gida da na iri, shi ya sa rama ta zama Hibiscus cannabinus, yakuwa kuma Hibiscus sabdariffa. Gidansu ɗaya ke nan, iri ya bambanta. Bafaranshe Antoine Laurent de Jussieu ne ya tsayar da dangin kansa a 1789.

Kusan shekara ɗari biyu ana ɗaukar dangin a ƙuntace: kuɓewa, rama, auduga da makusantansu kawai. Kuka da rimi suna wani dangi, lalo da dargaza suna wani, goro da bishiyar koko da kukuki suna na uku. Da aka fara binciken ƙwayoyin gado na tsirrai, sai aka ga iyakokin nan ba su tsaya da ƙafafunsu ba. A ƙarshen shekarun 1990 aka haɗe dangogin huɗu wuri ɗaya, aka kuma raba sabon dangin zuwa rassa tara. Saboda haka ɗalibin da ya buɗe tsohon littafi ya ga kuka a ƙarƙashin Bombacaceae kada ya ɗauka kuskure ne, tsohon tsari ne.

Alamomin da ke haɗa su

Abu na farko shi ne yauƙi. In ka murje ɗanyen ganye tsakanin yatsu da ɗan ruwa, za ka ji santsi. Amma kama da wane ba ta wane: karkashi ma yana da yauƙi, har ya fi na wasu, alhali shi ɗan dangin riɗi ne, furensa kamar ƙaho yake, ba ya buɗewa kamar faifai. Yauƙi shaida ce, sai dai ba ta isa ita kaɗai.

Abu na biyu ɓawo ne. Ka karya reshe ka ja, ɓawon zai biyo hannunka a dogon zare mai wuyar tsinkewa. Daga nan igiyar rama ta samo asali, da igiyar kuka, da buhunan da ake saƙawa a Indiya da Bangaladash da zaren ɗan'uwan lalo.

Ganyen yana fitowa ɗaya bayan ɗaya a jikin kara, ba biyu suna fuskantar juna ba. Jijiyoyinsa sukan tashi daga wuri guda a gindin ganye su bazu kamar yatsun hannu, kuma a inda ƙafar ganye ta haɗu da kara akwai ƴan kunnuwa biyu ƙanana, waɗanda sukan kaɗe da wuri. Gashin jikin ganye shi ma yana da abin faɗa. Da madubin ƙara girma mai ninki goma za a ga gashin bai tsaya ɗaiɗai ba, daga tushe ɗaya yake rabuwa kamar tauraro. Wannan gashi ne ke sa ganyen garmani laushi kamar ƙaramiski, shi ne kuma ke sa wasu ƙaiƙayi.

Sai fure, wanda shi ne alƙali. A reshen da kuɓewa take, furen yana da kunnuwa biyar da ke naɗe da juna kafin ya buɗe, sau da yawa da ɗigon ja mai duhu a tsakiya. Zarurrukan da ke ɗauke da garin fure ba a warwatse suke ba, sun haɗe sun zama sanda guda mai rami, macen furen ta bi ta cikinta ta fito a sama. Duk wanda ya tsaga furen kuɓewa da farce sau ɗaya ya ga wannan sanda, ba zai sake ɓata ta ba, ko a furen kallo na Hibiscus rosa-sinensis da ake shukawa a ƙofar ofisoshi ya gan ta.

Rarrabe gida da gida

Kuskuren da aka fi yi shi ne dogara da ganye. A gindin rama ɗaya, ganyen ƙasa yakan zama dunƙule, na sama kuma a tsattsage kamar yatsu, har wanda bai sani ba ya rantse tsiro biyu ne. Ganye yana canzawa da shekaru, da inuwa, da yawan ruwa. Abin da ba ya canzawa shi ne bayan fure da kuma ɗan da ya biyo baya, don haka a nan ya kamata a tsaya a duba da kyau.

Ka juya furen ka dubi ƙeyarsa. Akwai ƙoƙo kore mai baki biyar da ke riƙe da kunnuwan. A wasu gidaje akwai zobe na biyu na ƙananan ganye a wajen ƙoƙon, a wasu babu. Gidan Hibiscus yana da wannan zobe, yawanci siraran ganye biyar ko fiye. A yakuwa, ƙoƙon da zoben ne ke kumbura su yi ja bayan fure ya faɗi, su ne zoɓorodon da ake jiƙawa, ba furen ba kamar yadda ake yawan faɗa. Auduga tana da manyan ganye uku masu haƙora a wannan wuri, ga kuma baƙaƙen ɗigo-ɗigo a jikinta, waɗanda ke ɗauke da gubar da ke cikin gurya. Kuɓewa kuwa ƙoƙonta yakan tsage ta gefe ɗaya ya faɗi tare da furen. Wannan ɗabi'a ce ta sa aka fitar da ita daga Hibiscus, inda Linnaeus ya ajiye ta, aka kai ta gidan Abelmoschus. Gidajen Sida (gidan garmani) da Abutilon ba su da zoben waje ko kaɗan.

Ɗan itacen iri biyu ne. Na kuɓewa da rama da yakuwa da auduga kwanso ne mai ɗakuna, in ya bushe ya tsage a tsaye ya zubar da ƙwaya. Na Sida da Abutilon da Urena da Pavonia kuwa zagayayye ne, ya rabu yanka-yanka kamar an yanka lemo, kowane yanki ya faɗi da kansa. A Sida kowane yanki ƙwaya ɗaya gare shi, a Abutilon yawanci biyu ko fiye. Na Urena lobata yana da ƙananan ƙugiyoyi da ke maƙale wa tufa da gashin awaki. Pavonia da Urena ana gane su da ƙidaya: kan macen furen ya rabu goma, alhali yankan ɗan biyar ne.

Sauran rassan dangin ba su bi tsarin sanda sosai ba. A lalo zarurrukan furen a sake suke, ɗansa dogo ne siriri, kuma a gindin ganyen akwai ƴan wutsiyoyi biyu kamar gashin baki. Corchorus olitorius, wanda ake nomawa ana kira malohiya, ɗansa yana ƙarewa da baki ɗaya. Corchorus tridens na cikin gonakin hatsi yana ƙarewa da ƙaho uku. Hankufa, wato Waltheria indica, furanninta ƙanana ne rawaya a cunkushe a hammatar ganye, da zare biyar kacal. Dargaza da ƴan'uwanta na gidan Grewia suna yin ƴaƴa masu ɗan nama da yara ke tsotsa a daji. Kukuki da goro ba su da kunnuwan fure ma sam, ƙoƙon ne ke yin launi.

A dazuzzukan gefen zafi

Tsakanin kusan digiri 23 zuwa 35 arewa da kudu da tsakiyar duniya akwai dazuzzuka masu ruwa da sanyi kaɗan, kamar na kudancin Sin, da gabashin Ostareliya, da kudancin Burazil, da gaɓar gabashin Afirka ta Kudu. Ƴan wannan dangi masu son rana ne, don haka a irin waɗannan dazuzzuka an fi samunsu a baki-baki, a gefen rafi, da inda bishiya ta faɗi haske ya shiga. A kudancin Sin akwai Hibiscus mutabilis, wanda furensa ke buɗewa fari da safe ya koma ja kafin yamma. A gabashin Ostareliya akwai bishiyoyin Brachychiton, ƴan'uwan kukuki, a kudancin Afirka da Madagaska akwai Dombeya, Pavonia kuma ta fi yawa a Kudancin Amurka. Ƙa'idar ganewa ɗaya ce da ta nan: a dubi ƙeyar fure, a ƙirga, a jira ɗa.

Na dajin Damagaram

Zinder tana wajen digiri 14 arewa, a cikin Sahel, inda damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Yawancin ƴan dangin na daji a nan ciyayin damina ne, kuma sun fi yawa a kudu, wajen Magariya da Matamai da fadamun Korama, suna raguwa in an nufi Tanut. Akwai yakuwar daji, Hibiscus asper, mai kaushin kara, wadda ta yi kusa da rama ƙwarai. Akwai ɗankaɗafi na gidan Triumfetta da ke bin wando. Akwai ma audugar daji, Gossypium anomalum, ɗaya daga cikin iri kusan 50 na gidan auduga, waɗanda huɗu kawai ake nomawa.

Wanda ya fi damun jama'a shi ne garmani, Sida cordifolia. Ganyensa kamar zuciya, mai laushi da toka-toka, furensa rawaya, kowane yankin ɗansa da tsinke biyu masu kama gashin dabba. Dabbobi ba su cika cinsa ɗanye ba, sai su cinye ciyawar kirki su bar shi ya yi iri, su kuma kwashe irin a jikinsu su kai gaba. Haka ya mamaye burtali da makiyaya da yawa a kudancin Nijar. Abin takaici ne ganin filin kiwo kore shar a watan Satumba, makiyayi kuma yana wucewa da garkensa don babu abin ci. Gane shi tun yana ƙarami, a cire shi kafin ya zuba iri, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

A cikin bishiyoyi kuka ce sarauniya, kuma Mirriya ta yi suna da ita. Sunanta Adansonia digitata an ba ta shi ne don girmama Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarinta a Senegal wajen 1750. Furenta fari ne babba, yana reto da kai ƙasa, yana buɗewa da magariba, jemagu ne ke kai masa gari daga wata bishiya zuwa wata. In aka tsince shi a ƙasa da safe za a ga sandar nan ta furen kuɓewa, sai dai ta yi kauri, kanta ya bazu kamar tuntu.

Sunayen Hausa da tattara samfuri

Bahaushe yakan raɗa wa tsiro suna ne bisa amfaninsa ko kamanninsa da wanda aka sani, shi ya sa ake jin suna irin yakuwar daji. Suna ɗaya yakan hau iri biyu: dargaza a Nijar galibi Grewia bicolor ake nufi, a Nijeriya kuma Grewia mollis. Likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, amma har yau tsohuwar da ke tsinkar ganyen miya da makiyayi da mai magani suna riƙe da bayanin da bai shiga takarda ba, kuma ya kamata a rubuta sunan da suka faɗa tare da garin da aka ji shi.

Lokacin tattarawa shi ne Agusta zuwa Oktoba, da hantsi, domin furen yawancinsu kwana ɗaya yake yi, na garmani ma ƴan awoyi. A yanko reshe mai ganyen ƙasa da na sama, da fure, da ɗa. A rubuta launin furen nan take, don yana sauyawa: na auduga fari-fari yake buɗewa, washegari ya yi ja-ja. A shimfiɗa reshen cikin takardar jarida, a juya fure ɗaya ƙeyarsa ta kalli sama, a danne da katako da dutse. Saboda yauƙi, kunnuwan furen sukan manne wa takarda, samfurin kuma yakan yi fumfuna, don haka a riƙa sauya takardar kullum har ya bushe. Busassun ƴaƴa da ƙwaya a zuba su a ƙaramar ambulan daban, a rubuta mata lamba ɗaya da ta reshen.