Jarumi: kalmar da ta haɗiye ɗan wasa

A asalin Hausa, jarumi shi ne mai ƙarfin zuciya, wanda ba ya ja da baya a fagen daga. Amma yau idan ka buɗe Facebook ka ga "jarumin Kannywood ya rasu" ko "jaruma ta yi aure", ba wanda zai kawo takobi da garkuwa a ransa. Mai fitowa a fim ake nufi, ko da sau ɗaya ya leƙo ya ajiye tire ya fita.

Ba haka aka faro ba. Mu da muka taso a gidan kallo, akta muke cewa. Kafin fim ya yi minti biyar za ka ji yaro daga bencin baya yana tambaya, "Wai wane ne akta, wane ne bos?" Akta shi ne mai labarin: a lakaɗa masa duka ya tashi, a ƙarshe shi zai auri yarinyar. Bos kuwa mugun da sai an kusa tashi yake mutuwa. Da aka nemi Hausar akta, jarumi ta zauna daram, tunda gwarzon fim ɗin Indiya dama shi kaɗai yake tarar mutum goma. Daga nan kalmar ta yi ta faɗi har ta lulluɓe kowa, "ɗan wasan kwaikwayo" ta koma bakin dattawa da malaman jami'a.

Abin da ke damuna shi ne akwai wani irin ɗan wasa da wannan riga ba ta yi masa daidai. Ba akta ba ne, ba lallai bos ba ne. Hali guda yake ɗauka, na soja ko malami ko uwar miji, ya nazarci tafiyarsa da harshensa da yadda yake tari, ya saka shi kamar taguwa har a manta sunansa na yanka.

Dubi Usman Baba Pategi. Banufe ne daga Pategi ta jihar Kwara, ɗan gidan sarauta, ya yi aikin soja har ya ga yaƙin basasa. Daga bariki ya ɗebo abin da ya kai gidan rediyo da talabijin na Kaduna: tsawar babban soja, ƙaton gashin baki, da Hausar bariki mai cakuɗe da guntun Turanci. Sunan ma daga muƙamin sajan manjo bakin Bahaushe ya lanƙwasa shi ya zama Samanja. A shirin Samanja Mazan Fama dariya ake yi, amma duk wanda ya zauna bariki ya san ba ƙirƙira ba ce, ya taɓa ganin mutumin nan a faretin safe. Da ya rasu a Kaduna a Nuwamban 2023, mutane da yawa a sanarwar rasuwar suka fara jin cikakken sunansa.

Haka Rabilu Musa Ɗanlasan, tsohon ma'aikacin gidan yari, ya rayu a matsayin Ibro har rasuwarsa a Disamban 2014. Saratu Giɗaɗo, wato Daso, ta ƙware a fitowa a masifaffiyar mace har wasu suka ɗauka halinta ne na gida. Wannan shi ne harajin sana'ar: gwargwadon iyawarka, gwargwadon yadda darakta zai ƙi ba ka wani matsayi, 'yan kallo kuma su ƙi yarda kai wani ne daban.

Akasarin irinsu ta wasan daɓe da rediyo suka biyo, inda ba kwalliya ba haske, ba "a sake ɗauka". Murya da motsi kaɗai ke riƙe mutane a zaune. Shi ya sa fitowarsu ta minti uku takan fi zama a ƙwaƙwalwa fiye da rawa da waƙar da aka kashe kuɗi a kanta.

A wajen rabon kyaututtuka an samo musu gurbi, "mataimakin jarumi". Ban ce kuskure ba ne, amma ka gwada faɗa wa wanda ya taso yana cunkuso a gaban talabijin ɗin maƙwabta cewa Samanja mataimakin wani ne, ka ji amsar da zai ba ka.