Muhawarorin kimiyya a kan duniyoyin wajen tsarin rana

Duniyoyin wajen tsarin rana su ne waɗanda ke zagaya wasu taurari ba Ranarmu ba. Zuwa watan Satumba na 2025, waɗanda aka tabbatar a kundin hukumar NASA sun haura 6,000. Kaɗan ne daga cikinsu aka taɓa ɗaukar hotonsu. Sauran an gano su ne ta alamar da suke bari a hasken taurarinsu, kuma yawancin jayayyar fannin daga nan take tasowa: alamar nan duniya ce ta kawo ta, ko halin tauraron ne, ko kuwa aibin na'ura?

Ƙanƙantar abin da ake aunawa

Hanyoyi biyu suka fi samar da sakamako. A ta farko ana auna rangajin tauraro. Duniya na jan tauraronta, shi kuma ya riƙa ɗan matsowa yana komawa, layukan da ke cikin haskensa suna gusawa. Jupita na motsa Rana da gudun kusan mita 12.5 a daƙiƙa, Duniyarmu kuwa santimita 9 kacal. Wannan hanya ba ta bayar da ainihin nauyi, sai mafi ƙarancinsa, domin ba a san karkatar hanyar zagayen ba. A ta biyu ana auna dushewar haske lokacin da duniya ta gitta ta gaban tauraronta. Mai girman Jupita tana rage hasken tauraro irin Rana da kusan kashi 1 cikin 100, mai girman Duniyarmu kashi 84 cikin miliyan. Taurari biyu masu gitta juna can a baya suna iya kwaikwayon wannan dushewar.

Duniyoyin da aka sanar sannan aka janye

A 1963 Peter van de Kamp na cibiyar Sproul a Amurka ya ce ya gano duniya a wurin Tauraron Barnard, bayan ya auna matsayin tauraron a hotunan shekaru masu yawa. A 1973 George Gatewood da Heinrich Eichhorn suka nema da wasu madubai ba su ga komai ba. John Hershey kuma ya nuna wani tauraro dabam yana yin irin wannan tsallen a hotunan madubin Sproul, a 1949 da 1957, shekarun da aka taɓa gilashin madubin. Tauraron Barnard dai yana da duniyoyi, an tabbatar a 2024 da 2025, amma ƙanana ne, ba waɗanda van de Kamp ya faɗa ba.

A 1991 Andrew Lyne na Jodrell Bank a Ingila ya sanar da duniya mai zagayen wata shida a wurin wata gawar tauraro mai fitar da igiyar rediyo. Wata shida rabin shekararmu ne cif, kuma a nan matsalar take: lissafin bai gyara wa hanyar Duniyarmu ba, wadda ba cikakkiyar da'ira ba ce. Ya janye a Janairun 1992, watan da Aleksander Wolszczan da Dale Frail suka wallafa duniyoyin wata gawar tauraro dabam mai suna PSR B1257+12, waɗanda suka tabbata.

Ba kullum mai suka ke da gaskiya ba. Da Michel Mayor da Didier Queloz suka gano 51 Pegasi b a 1995, mai kusan rabin nauyin Jupita amma tana kammala zagaye a kwana 4.2, David Gray ya ce a 1997 bugun jikin tauraron ne kawai. Ƙarin awo bai goyi bayansa ba, kuma Mayor da Queloz sun samu kyautar Nobel a 2019.

Tabo a fuskar tauraro shi ne babban mai yaudara. Tauraro yana juyawa, gefe ɗaya yana nufo mu, ɗayan yana ja da baya. In tabo mai duhu ya rufe wani sashe na gefe guda, sai awon ya karkata kamar tauraron na motsi, alamar kuma ta riƙa maimaituwa daidai da juyawarsa, ko rabinta, ko sulusinta. Haka ya faru da tauraron Gliese 581. A 2010 Steven Vogt da Paul Butler suka sanar da duniyar "g", suka ce tana yankin da ruwa zai iya zama. Masu na'urar HARPS, mai auna rangajin taurari, ba su gan ta ba. A 2014 Paul Robertson da abokan aikinsa suka nuna tauraron na juyawa a kusan kwana 130, alhali zagayen wata duniyar tasa da aka sanar, "d", kwana 66 ne, wajen rabi ke nan. Da aka cire tasirin tauraron sai "d" ta dushe, "g" ma ta bi ta. Alpha Centauri Bb ta 2012, mai alamar santimita 51 a daƙiƙa, ta faɗi a 2015 da aka gano tazarar dararen da aka yi awon ce ta ƙirƙiro alamar. Shi ya sa yanzu ake duba ko alama ta ɗore shekaru, ko iri ɗaya ce a kowane launin haske, ko wata na'ura dabam ta gan ta.

Hoto ma bai tsira ba. Fomalhaut b, wadda madubin Hubble ya nuna a 2008, ta yi ta faɗaɗa tana dushewa, har a 2020 aka fassara ta da gajimaren ƙurar wani karo.

Iyakar abin da ake kira duniya

Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta sa iyaka a ninki 13 na nauyin Jupita, inda jiki ke fara ƙona haidirojin mai nauyi. Kundin NASA yana karɓar har ninki 30, kundin da ake gudanarwa a Paris har 60. Wasu masana kuma suna ganin yadda abu ya samu ya kamata a duba, ba nauyinsa ba, sai dai wannan ba ya aunuwa da madubi.

K2-18 b da batun alamar rai

Wannan duniya tana nisan shekarar haske 124. Nauyinta kusan ninki 8.6 na Duniyarmu, faɗinta ninki 2.6, zagayenta kwana 33. Ana sanin iskarta ne idan ta gitta: hasken tauraro ya ratsa iskar, kowane sinadari ya shanye nasa launin. A 2019 aka ce Hubble ya ga tururin ruwa. Daga baya ya bayyana metan na shanye haske a kusan wuri guda. A 2023 ayarin Nikku Madhusudhan na Jami'ar Cambridge ya samu metan da kabon-dayoksaid da madubin James Webb, a Afrilun 2025 kuma ya sanar da alamar sinadarin DMS ko ɗan'uwansa DMDS a matakin sigma 3, wato ma'aunin ƙarfin hujja a lissafi. A Duniyarmu ƙananan halittun teku ne suka fi samar da DMS.

Sukar ta zo ta fuskoki da dama. Sigma 3 na nufin kusan kashi 0.3 cikin 100 na yiwuwar dacen banza, alhali sigma 5 aka saba nema. Wannan adadin ma ya dogara da sinadaran da aka gwada: Jake Taylor na Oxford ya ce bayanan ba su bambanta sosai da miƙaƙƙen layi ba, wasu kuma suka nuna akwai sinadaran da ba su da alaƙa da rai da suka dace da su. An kuma samu DMS a jikin tauraro mai wutsiya 67P, inda babu rai. Hatta tekun da ayarin Madhusudhan ya ce yana iya lulluɓe duniyar ba kowa ya yarda da shi ba. Hujjar masu cewa akwai teku ita ce rashin amoniya, wadda ruwa ke shanyewa, amma narkakken dutse ma yana shanye ta, kuma wasu lissafe-lissafen sun fi dacewa da ƙaramar Naftun mai iska mai zurfi. Hujjar metan tana da ƙarfi. Ta DMS kuwa an yi gaggawar kai ta kafafen labarai.

Giɓin girma

A 2017 Benjamin Fulton da abokansa suka nuna, daga bayanan madubin Kepler, cewa duniyoyi masu faɗin ninki 1.5 zuwa 2 na Duniyarmu sun yi ƙaranci. An fi karkata ga cewa wasu sun rasa lulluɓinsu na haidirojin ne suka ƙanƙance, amma an rabu a kan dalili. Wani ɓangare ya ce zafafan haskokin tauraro ne ke kore iskar, akasari a shekara miliyan 100 na farko. Ɗayan ya ce zafin cikin duniyar ne ke tura ta waje a hankali, har wajen shekara biliyan. Duka biyun suna sa giɓin a kusan wuri ɗaya, don haka ake kwatanta taurari matasa da tsofaffi domin a raba gardamar.