Mece Ce Ma'anar "Wanda Aka Fi Ambato" a Fagen Bincike?

Tun da jerin sunayen nan na kashi 2 cikin ɗari na manyan masanan duniya ya fara yawo a wayoyin jama'a, da wuya a yi taron karrama wani farfesa a Katsina ko Daura mai gabatarwa bai ce yana cikin "waɗanda aka fi ambato a duniya" ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne bayanin da ke biyo baya a rediyo, inda wani zai ce likitan da aka fi ambato shi ne ya fi kowa iya tiyata, wani kuma ya ɗauka suna ne ya yi a bakin mutane.

Ambato a nan lissafi ne. Duk sanda mai bincike ya buga maƙala a mujallar ilimi, ya kafa hujja da aikin wani, ya sa shi cikin manazartarsa, to an ƙirga wa wancan guda ɗaya. Shi kuwa jerin, John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa ne suka fara fitar da shi a 2019 daga alƙaluman Scopus, wani rumbu da ke tattara bayanan maƙalun ilimi da ambatonsu, ba lambar yabo ba ce da jami'ar ke bai wa kowa.

Wanda yake son ganin ambaton da ke da nauyi, ya dubi Thomas Starzl, likitan Amurka da ake kira uban dashen hanta. A 1963 ya fara gwada dasa hanta a jikin ɗan Adam a birnin Denver, yaro ɗan shekara uku, ya rasu ana cikin aikin saboda zubar jini. Waɗanda suka biyo baya ma ba su daɗe ba, har aka dakatar da aikin. Sai a 1967 wata yarinya ta rayu fiye da shekara guda da sabuwar hanta. Duk da haka mafi yawan marasa lafiyar sun ci gaba da mutuwa, galibi domin garkuwar jiki tana yaƙar baƙuwar hantar, sai da maganin saikulosforin ya zo, wanda Roy Calne na Cambridge ya fara bai wa masu dashe a 1978, Starzl kuma ya haɗa shi da wani maganin ya rage masa illa. A 1981 ya koma Pittsburgh, a 1983 kuma hukumar binciken lafiya ta Amurka ta amince cewa dashen hanta ya tashi daga gwaji ya zama magani. Shekara ashirin ke nan yana rubuta abin da ya yi da abin da ya ƙi yiwuwa, bai ɓoye mace-macen ba, shi ya sa duk mai shiga wannan fanni ba shi da makawa sai ya jingina da rubutunsa. Da cibiyar ISI, mai ƙirga ambaton maƙalun ilimi, ta bayyana shi a 1999 a matsayin wanda aka fi ambato a ilimin likitanci na asibiti, wannan tarihin ne ke bayan adadin.

Sai dai lissafin ba ya tantance dalili. Wanda aka ambata domin a ƙaryata shi, an ƙirga masa. Wanda ya yi ta ambaton kansa, ko shi da abokansa suka yi ta ambaton juna, adadinsa ya hau. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 da ta alaƙanta allurar rigakafi da wata lalurar yara, wadda mujallar Lancet ta janye a 2010, ta tara ambato masu ɗimbin yawa.

Haka nan lissafin bai san ɗakin tiyata ba. Tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma likita yana iya shafe shekaru yana irin wannan aiki da hannunsa, mutanen Katsina na zuwa suna samun sauƙi, amma sunansa bai fito a kowane jeri ba muddin bai buga abin da wasu za su kafa hujja da shi ba.